Zakkar Akuya Ɗaya

Ni Gayus, da kyauna da basirata, wai ni ake kira marowaci a cocinmu. To ku ji yadda aka yi.

Ana shirin bikin godiyar kaka, sai Dattijo Barnaba, mai kula da dukiyar coci, ya hango akuyata ɗaya tilo. Ya ce, "Ɗan'uwa Gayus, ina zakkar wannan?"

Na ce, "Baba, ɗaya ce fa. Yaya zan fitar da ɗaya cikin goma?"

"Ka fitar, ba yanka, ba sayarwa. In ka kasa, ka kawo ta ɗungurungum a dafa ranar biki."

Washegari na ja ta har gidansa, na ɗaure ta kusa da harawarsa. Na ce, "Na raba ta goma, Baba. Baki ne rabon Ubangiji."

"Baki kuma?"

"Ai ku kuka koya mana a ba shi na fari. Akwai abin da ya riga bakin shigowa gidan nan? Kai ne mai kula da kayansa, ga shi nan, safe da yamma yake ci. Sauran taran, da nono da 'ya'ya, ni zan ɗauki wahalarsu."

Ya dubi harawarsa tana raguwa, ya ce, "Canja mana wani kashi."

"Kashi kake so? Shi kam kullum tana yi. Zan riƙa kai wa gonar coci."

Bana masarar coci ta fi ta kowa a garin, amma har yau ba a ambaci sunana a sanarwa ba.