Makabartar da Ta Ɓace a Bayan Coci

A wani birni akwai wata tsohuwar coci wadda masu bi na farko suka gina da tubalin ƙasa. A bayanta suke binne matattunsu, su kafa gicciyen itace a kan kowane kabari. Da birni ya girma, aka koma binnewa a bayan gari. Gara ta ci gicciyen ɗaya bayan ɗaya, mutane kuwa suna ta cewa, "Baɗi za mu gyara." Ciyawa ta rufe wurin, ruwan sama ya baje kaburburan, har aka mai da shi wurin ajiye motoci.

A cocin nan akwai wani dattijo mai suna Sila. Yana ƙarami mahaifiyarsa ta rasu, kawunsa ya tafi da shi wani gari, bai dawo ba sai da ya yi iyali. Mutum ne mai himma, ba ya fashin sujada, amma bai taɓa tambayar inda aka kwantar da ita ba. Shi ne ya matsa wa ikilisiya a gina babban zauren taro a filin motocin.

Ranar da aka fara haƙa harsashi, yana tsaye yana ba da umarni, sai wani lebura ya jefar da digarsa, ya yi tsalle ya fito daga ramin.

"Baba, akwai mutum a nan!"

"Wane irin mutum? Ƙashin jaki ne. Ku ci gaba da aiki."

Fasto ya leƙa, ya ja da baya. "Dattijo, jaki ba ya sa munduwa."

Sila ya sauka cikin ramin da fushi. Ga ƙashin hannu a cikin jar ƙasa, da munduwar tagulla a jikinsa. Ya goge ta da bakin rigarsa, ya ga wata 'yar lanƙwasa a gefe. Shi ne ya lanƙwasa ta da dutse yana yaro, mahaifiyarsa ta yi masa faɗa, ta kuma ci gaba da sa kayarta haka.

Ya zauna daɓas a cikin ƙasa.

"Fasto, a nan nake ajiye motata kowace Lahadi. A kan Mama."

Aka tsai da ginin. Aka kewaye filin da katanga, amma sauran kaburburan, har yau ba a san na wa da wa ba ne.

To, ga ma'anar misalin nan. Makabartar ita ce bangaskiyar da iyayenmu suka bar mana. Ba ɓarawo ne ya sace ta ba, ba kuwa maƙiyi ne ya ƙwace ta ba. Masu zuwa sujada ne suka ɓatar da ita, da "baɗi za mu gyara". Sila kuwa mu ne, masu himmar yi wa Allah sabon aiki, alhali muna taka abin da ya riga ya ba mu.

'Yan'uwa, wa ya fara kawo bishara gidanku? Wace wahala ya sha a kanta? In ba ku sani ba, kada ku jira baɗi. Tsofaffin da suka sani suna zaune a bencin gaba yau ɗin nan. Ku tambaye su kafin a tashi.