Maɗorin da Ya Tayar da Dainoso a Luggere

Akwai wata malamar firamare a unguwar Luggere, cikin Jimeta, sunanta Keturah. Mace ce mai fara'a, amma akwai wani kwali a ƙarƙashin gadonta da ko shara ta zo yi sai ta kawar da kai daga gare shi.

Ku ji asalin kwalin. A shekarar 2014, ranar da 'yan ta'adda suka shiga Mubi, Keturah ta goya jaririyarta Debbie, ta fizgi wani kwali a kan tebur, ta fita da gudu. A zatonta takardun karatunsu ne a ciki. Mijinta Manasseh, malamin kimiyya, ya ce su yi gaba zai biyo su. Bai biyo su ba. Ko gawarsa ba ta gani ba, balle kabari.

Da ta iso Jimeta ƙafafu a kumbure ta buɗe kwalin, sai ta tarar da ƙasusuwan roba. Na dainoso ne, wannan ƙatuwar dabbar da masana suka ce ta ƙare a duniya tun tale-tale. Manasseh ya sayo su a Jos don ya haɗa ya nuna wa ɗalibansa. Ta yi kuka har ta gode Allah, ta rufe kwalin. Shekara goma ba ta sake taɓa shi ba.

Wata Asabar Debbie, wadda yanzu ta zama 'yar budurwa, ta jawo shi fili.

"Mama, ko hoton Baba ba mu da shi. Wannan kaɗai ya bar mana. Mu haɗa shi mana."

Keturah ta amince, sai dai gara ta riga ta cinye takardar da ke nuna yadda ake haɗawa. Ga ƙasusuwa sun haura sittin, ba su san kai ba su san gindi ba.

Nan fa maƙwabcinsu Othniel ya leƙo. Ma'aikaci ne a ɗakin gwaje-gwaje na wata sakandare, mutumin da in ya fara zuba Turanci har kajin gidan watsewa suke yi.

"Madam, wannan ai aikin minti goma ne," in ji shi. "Ƙadangare ne babba, ƙafa huɗu yake tafiya."

Ya kama yana cusa wannan cikin wancan. Ƙashin cinya ya ƙi shiga inda yake so, ya danna da ƙarfi. Sai ji suka yi ƙas! Ƙashin ya rabe biyu.

"Kayan banza ne dama. Ku zubar kawai," in ji Othniel.

Keturah ta ji kamar a ƙirjinta abin ya karye. Ta zauna a ƙasa.

Daidai lokacin Bappa Hamajoɗa ya yi sallama da damin itace a ka. Dattijon Bafillace ne da rikici ya koro daga wajen Madagali, yana sayar da itace a bakin layinsu. Kaɗan ne suka san cewa a garinsu maɗori ne, wanda ake kawo wa masu karaya daga nesa.

Ya sauke itacen, ya tsuguna, ya ɗauki ƙafar dabbar yana juya ta.

"'Yata, wannan dabba ba ƙafa huɗu yake tafiya ba. Ƙafar kaza ne da shi."

Othniel ya kwashe da dariya. "Baba, dabbar da ta fi giwa ce kaza? Wace makaranta ka yi?"

"Ban yi ba," in ji Hamajoɗa. "Amma a ƙafar kaza babana ya koya mini ɗori. Duba, yatsa uku a gaba. Waɗannan gajerun kuma hannu ne, ba su ɗaukar nauyi. Ƙashi ba a tilasta shi, ɗana. Kowane ɗaya yana da gidan shi."

Keturah ta ce, "Bappa, za ka iya?"

"In kin yi haƙuri."

Wallahi, jama'a, ganin aikin dattijon nan abin sha'awa ne. Ya shimfiɗa tabarma a inuwar mangwaro, ya jera ƙasusuwan daga wuya zuwa wutsiya, babba na bin babba. Ya hana a buɗe gam. Sai ya rufe ido, ya shafa bakin gaɓa da babban yatsansa, ya miƙa wa Debbie ya ce ta gwada. In ya shiga da kansa, to gidansa ne. In ya yi gardama, a ajiye shi.

Karyayyen ƙashin kuwa ɗori ya yi masa irin na mutane. Ya haɗa bakin karayar, ya ɗiga gam kaɗan, ya kewaye da tsinken tsintsiya huɗu, ya naɗe da zare. Ya ce kada kowa ya taɓa sai bayan kwana biyu.

Kwana huɗu yana zuwa bayan La'asar. A rana ta huɗu dainoso ya miƙe a kan ƙafa biyu, wutsiya a baya, baki a buɗe. Othniel ya lalubo hoton dabbar a wayarsa don ya kama kuskure. Ya dubi waya, ya dubi tabarma, Turanci ya ƙare masa. Har rubutun ƙasan hoton cewa yake dangin tsuntsaye ce.

Aka zo maganar fenti. Othniel, cikin sanyin murya yanzu, ya ce a shafa fari tas.

Hamajoɗa ya girgiza kai. "Ƙashin da ya daɗe a ƙasa ba fari ba ne. Yana yin kalar shayi, gaɓoɓin su yi duhu."

Debbie ta ce, "Bappa, ya aka yi ka sani?"

Hamajoɗa ya ce, "Da abin ya lafa na koma garinmu. Ni na tattara mutanen mu a daji, na haɗa kowa da ƙashin shi, muka rufe su. Ban bar wanda na sani ba, ban bar wanda ban sani ba."

Othniel ya sunkuyar da kai, ya karɓi gwangwani ya dama fentin yadda dattijon ya ce, ruwan ƙasa da ɗigon baƙi. Debbie ta riƙa shafawa da ɗan buroshi, Hamajoɗa na goge tudun kowane ƙashi da tsumma don duhun ya zauna a lunguna.

Da fenti ya bushe, Keturah ta zaro katakon da ake kafa dabbar a kai daga gindin kwalin. Tana juya shi ta ga rubutun biro, hannun da ba za ta taɓa mantawa ba: "Ni da Debbie, in ta girma."

Hawaye ya zubo mata, amma ba irin na shekara goma da suka wuce ba. Ta dubi dattijon ta ce, "Bappa, ban samu na binne mijina ba."

Hamajoɗa ya kafa dainoson a kan katakon, ya gyara masa tsayuwa.

"Allah ya sa wani ya yi mishi abin da na yi ma na wasu. Wannan dai da ya bari a hannun ki, 'yata, duba: kowane ƙashi ya koma gidan shi."

Darasi: Kada ka raina mutum don ka gan shi da damin itace, ba ka san ilimin da ke hannunsa ko nauyin da ke zuciyarsa ba. Abin da ƙarfi da girman kai suka karya, haƙuri ne ke ɗora shi. Tura wa wani labarin nan, wataƙila akwai kwalin da ya daɗe yana tsoron buɗewa.