Gambar Baba Mourtala a Summerfield

Akwai wani bawan Allah a nan Greensboro ta Amurka mai suna Ousmane, mutumin Dogondoutchi, yana aiki a wani biro, wato ofis, da ke Downtown, tsakiyar gari. Da mahaifiyarsa ta rasu, sai ya ɗauko mahaifinsa, Baba Mourtala, ya kawo shi gidansa a unguwar Sedgefield, don babu wanda ya rage a ƙauye da zai kula da shi.

Wata takwas tsohon nan ya yi, kullum sai ramewa. Abinci ya taɓa ya ture. A bakin taga yake wuni. Ran Asabar in Ousmane ya fito da inji yana bin ciyawar ƙofar gida, sai tsohon ya girgiza kai.

"Wace irin ƙasa ce wannan? Ciyawa ma ba a barin ta ta kai idon sawu. Kullum aski, sai ka ce kan jariri ranar suna."

Rannan ya kira ɗansa ya ce, "Ka yankar mini tikiti. In mutuwa ce, gara ta same ni a gida."

Ousmane ya yi lallashi har ya gaji. Ya san in tsohon ya tafi shi kaɗai zai zauna a kango, kuma da wuya su sake ganin juna. Haka dai ya daure ya yanka, na watan Disamba.

Maƙwabciyarsu Anti Ƙauna, wata nas 'yar Kafanchan, ita ta ce masa, "Haba Ousmane, ka fitar da shi ya sha iska mana! Akwai wani fili wajen Summerfield. Da can gona ce, aka sake shuka ciyawar asali, aka bar ta ta koma yadda ƙasar take tun kafin a yi gari."

Wata Lahadi a Oktoba suka je. Ciyawa ce iyakar ganinka, ta fi mutum tsayi, ta yi ja-ja, iska na kaɗa ta. Baba Mourtala ya tsaya cak. Ya kama kara ɗaya ya murza, ya sansana.

"Gamba! Ousmane, in ba gamba ba ce to 'yar'uwarta ce, uwa ɗaya uba ɗaya!"

Ousmane ya ce "to," ya koma kan wayarsa. Ko da ya ɗago kai, jama'a, tsoho ya ciro 'yar wuƙarsa daga aljihu, har ya yanki runguma guda. Ga allo kuwa a gefensa an rubuta da Turanci cewa an hana yanka ko tsinkar komai. Baba ina ya iya karatun Turanci?

"Baba! Me kuke yi haka? Nan ba Doutchi ba ne! Ciyawar banza za ku ja mana 'yan sanda a kanta? Kun cika ƙauyanci wallahi!"

Tsohon ya ajiye ciyawar a hankali. Ni kam da na ji wannan wurin, raina ya ɓaci.

Sai ga wata dattijuwar Baturiya mai kula da filin ta nufo su. Ousmane ya tare ta da ban haƙuri, wai tsoho ne, bai san komai ba.

Ta ce, "Yankan kam an hana, shekara goma sha ɗaya muka yi kafin ciyawar nan ta kama. Amma tun ɗazu nake kallonsa. Kafin ya yanki kowane kara sai ya zage irin da yatsu, ya zuba ƙasa, ya danne da diddige. Tambayar mini shi, wa ya koya masa?"

Dole Ousmane ya zama tafinta.

Baba ya ce, "Gaya mata na yi laifi, ban san da mai ita ba. Amma mu ba ma ɗaukar kara mu tafi da iri, in ba haka ba baɗi me za a yanka? Shekara arba'in ina saƙa zana da ita." Sannan ya ƙara da cewa, "Har zanar da ta kewaye ɗakin da aka haife ka, ni na saƙa."

Ousmane ya fara juyawa zuwa Turanci, da ya kai nan sai kunya ta kama shi, ya sunkuyar da kai.

Matar ta ce a ƙarshen Fabrairu sukan sa wa wani sashe wuta don sabuwa ta tofo. Baba ya yi dariya, karon farko a wata takwas, ya ce su ma haka suke yi. Ta ce to ya zo kafin ranar wutar ya yanki iya son ransa, da sharaɗin ya koya musu saƙar.

A mota Ousmane ya ce, "Baba, ku yafe mini."

"Na yafe. Wata nawa ya rage zuwa Fabrairun nan?"

"Huɗu."

"To ka ɗaga tikitin nan. Na yi wa baiwar Allah alkawari."

Fabrairu ta zo ta wuce, Baba bai sake tayar da zancen tikiti ba. Anti Ƙauna ta ce ta leƙa ta katanga ta gan su a bayan gida, tsoho na saƙa, Ousmane na durƙushe yana miƙa masa kara, yana shan faɗa wai hannunsa ya mutu da danna kwamfuta.

Darasi: Kada ka raina abin da hannun iyayenka ya iya don kawai ka yi boko ka haye teku. Tsoho ba ci da sha kaɗai yake buƙata ba, yana son ya ga har yanzu yana da amfani. Ka tambaye su sana'arsu tun suna raye, ka zauna ka saurara. Ku tura wa duk wanda ke da tsoho a gida, ko Allah zai sa ya kira shi yau.