Sarkin da Ya Ƙi Hawa Tsani

"Galadima, kai ne babba, matsa can kusa da karaga."

"Haba Waziri, ina ni ina shiga gabanka? Bar ni nan bakin ƙofa wajen takalma, nan ne daidai da ni."

"Ai na riga ka shimfiɗa buzu."

"Naɗe shi ba wuya."

A fadar wani sarki da aka yi a zamanin da, mai suna Jatau, ake wannan jayayya kowace safiya. Dalili kuwa, al'adar birnin ce ba magini da zai taɓa rufin zauren fada sai sarki ya hau tsani da ƙafarsa ya aza curin laka na farko da hannunsa. Ran da aka naɗa shi ya yi alwashin sabunta rufin, amma da ya ɗaga kai ya dubi tsawon tsanin sai ya ja da baya, ya ce, "Mu bari sai bayan salla." Salloli suka yi ta wucewa, gara ta cinye azara, tsaga ta buɗe daidai bisa karaga, ga damina ta kawo kai. Fadawan da a da ke ture juna don kusantar sarki suka koma ture juna don kusantar ƙofa, kowa na gaisuwa idonsa na sama.

Ran nan sarki ya dubi filin da ke tsakaninsa da mutanensa, ya ce, "Wane irin tawali'u ne ya sauka a fadata? Wanda ya bayyana mini sirrinsa yana da alkyabba, wanda ya yi mini ƙarya ya kwana a zauren nan."

Waziri Tanko ya ce, "Kwarjininka ne, Zaki, ya yi mana yawa." Galadima Barmo ya ce shi ma abin da ke bakinsa ke nan. Suna rufe baki ƙasa ta zubo a kan rawanin sarki, har ana jin garar na aikinta.

Sai Alƙali Mamuda, wani tsoho siriri, ya ratsa zauren ya zauna dab da karaga, ƙarƙashin tsagar, ya ajiye wani ƙunshin farin ƙyalle a gabansa.

Sarki ya ce, "Allah gafarta malam, mene ne wannan?"

"Likkafanina ne, Allah ya ba ka nasara. Kullum da shi nake zuwa, bayan na yi sallama da iyali, don kada a wahala nema in an tono mu."

"Wa zai binne ku?"

"Alwashinka, ranka ya daɗe. Tsoron safiya ɗaya ne aka ɗora maka, ka ƙi ɗauka, ka rarraba mana muna ɗauka kowace rana. Jiya wata mata ta fasa kawo ƙarar gonarta, ta ce ta gwammace a cinye gonar a kan ta shigo nan 'ya'yanta su zama marayu. Ni dai ba zan ƙara matsawa ba. Inda ka zauna nan zan zauna, mu jira tare."

Aka yi tsawa daga gabas, azara ta yi ƙara kamar an taka busasshen kara. Sarki ya dubi likkafanin, ya dubi rufin, ya miƙe ya ce a kafa tsani yanzu.

Ya tuɓe takalma, ya ɗauki laka, ya hau yana karanto duk addu'ar da ya sani har da ta shiga kasuwa, Waziri na riƙe da tsani ido a rufe. Da ya kai bisa ya manna lakar, magina suka bi shi da tubala suna kabbara.

Daga can sama, yana rungume da indararo, ya yi umarni a yafa wa alƙali alkyabba, ya ce, "Ku shaida, duk mai mulkin da ya jinkirta abin da ke wuyansa, talakawansa ya ɗora wa, kuma wannan zalunci ne ko da bai daki kowa ba."

Yayyafi ya soma. Waziri ya ɗaga kai ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ga tsani, a sauko."

Sarki ya leƙo ƙasa, ya ƙara ƙanƙame indararon.

"Mu bari sai bayan salla."