Gurbi Ɗaya a Jirgin Aken

Ku gyara zama, yau Masar ta dauri za mu. Mutanen can, a zamanin jahiliyyarsu, sun ɗauka duk wanda ya mutu sai ya haye wani ruwa kafin ya isa gidan hutu. Mai fiton kuwa wani abin bautarsu ne mai kan rago, ana ce masa Aken, ga shi da barci kamar kasa. Wanda bai haye ba, a bakin gaɓa zai dawwama, ba shi a duniya ba shi a lahira.

Wata tsohuwa mai suna Henut ta rasu ta bar 'ya'ya uku: Paneb masassaƙi, Kenna magatakarda, da autarsu Tabes mai gasa gurasa. Da ta isa gaɓa ta tarar da matattu jingim, wasu sun shekara ɗari suna jira, Aken na ta sharɓar minshari. Ta kira, ta tafa, har ƙaho ta ja masa. Ko gezau.

A al'adarsu, abin da aka ajiye wa mamaci a bakin kabari yana isa gare shi. Tabes kuwa kullum da safe sai ta kai wa uwarta gurasa mai zafi da albasa, ko da ita kanta za ta wuni da yunwa. Ran nan gurasar na zuwa, Henut ta kanga ta a hancin Aken. Sai ga shi ya buɗe ido.

Ya cinye tas, ya yi hamma, ya ce, "Iya, na so in taimake ki, amma filafilin da nake tuƙa jirgi da shi ya karye tun tuni."

Dama malalaci ba ya rasa hujja. Henut ta laluba kayan da aka binne ta da su, sai ga sabon filafili. Paneb ne ya sassaƙa shi. Itacen kirki wuya gare shi a ƙasar, don haka ƙyauren ɗakinsa ya cire ya fafe, maƙwabta na yi masa dariya.

Aken ya jinjina filafilin ya ce, "Saura ɗaya. Jirgin nan ba ya ɗaukar wanda bai san shi ba. Faɗa mini sunan kowane sashe nasa."

Henut ta dubi likkafaninta. Dama Kenna ya rubuta mata sunayen kaf a jikin likkafanin, rubutu mai kyau, amma yawan ilimi ya sa ya manta uwarsa ko bihim ba ta sani ba. Sai bayan an rufe kabari ya tuna. Tun daga ranar yake durƙushe a can yana ƙwala mata sunayen ɗaya bayan ɗaya, har muryarsa ta dushe, ba ta kuma dawo ba. Henut ta kasa kunne ta jiyo shi can nesa-nesa da dusasshiyar murya. Yana faɗa tana maimaitawa, hawaye na zubo mata.

Suka shiga jirgi. A tsakiyar ruwa Aken ya ce, "Iya, kin haifu. Zan keɓe wa ɗaya daga cikin 'ya'yanki gurbi. Ranar da tasa ta zo, zan haye da shi ba tambaya. Sauran biyun, sa'arsu. Ambaci suna kafin mu taɓa tudu. In kika yi shiru, duka ukun sun rasa."

Tudu na ta matsowa.

To jama'a, da ku ne ita, sunan wa za ku kira?