Iyaye Bakwai, Wutsiya Ɗaya

Ku matso, ga ta nan tafe. Wanda ya taɓa zaman kwamiti irina ya yi haƙuri, da mu ake.

Makarantar 'ya'yan dabbobi tana da wani fili a bayanta, shekara uku iyaye na taro a kansa. Ɓauna ya ce filin ƙwallo za a yi. Kura ta ce a fara kewaye shi da katanga. Giwa, shugabar kwamiti, kullum sai ta ce a ɗage zama zuwa wani mako. Mu ma haka muke yi, shi ya sa har yau ajin unguwarmu ke yoyo.

Kurege ba shi da ɗa ko ɗaya a makarantar. Yunwa kawai gare shi, rumbunsa wayam. Ya miƙe ya ce, "Ranki ya daɗe, a shuka gyaɗa saboda yara. Gadi kuwa ku bar mini, ni gyaɗa ƙaiƙayi take sa ni."

Al'adar taron ita ce kowane uba ya zo gaban Giwa, ya faɗi sunansa, ya jefa tsakuwa a ƙwaryar abin da yake so. Kurege ya jefa tasa, ya zaga bayan suri, ya dawo da malafa har hanci.

"Malam Ɗanjuma, uban yara huɗu," in ji shi, yana shaƙe murya.

Giwa dama idonta ba ya gani sosai, ta ce ya jefa. Ya sake zagawa ya dawo da hular dara, sannan haɓar-kada, har huluna shida. Da aka zube tsakuwa, gyaɗa ta yi rinjaye. Kurege ya tafi gida yana rawa: "Ni ne Kurege, ni kaɗai taron dangi! Na shiga ɗaya, na fito bakwai!"

Sai dai gogan bai tsaya an tashi taron ba, don haka bai ji ƙa'idar da ake karantawa a ƙarshe ba: wanda ya zaɓi abu, shi ke fara aikinsa.

Da gari ya waye, Giwa ta aiko cewa iyaye bakwai su fito da fartanya, kowa ya tsaya a bakin kunyarsa. Kurege ya kwaso hulunansa. Ya ruga ya kafa kara shida, ya ɗora wa kowanne hula, ya kama noma yana gumi.

Kura ta iso. "Malam Ɗanjuma, barka da aiki."

Shiru.

"Malam, gaishe ka nake yi."

Shiru.

"Ni za ka yi wa girman kai?" Ta kai masa mari, malafa ta yi sama, ga kara tsaye tsirara.

Ɓauna ya ce, "Tunda su bakwai ne, a ba kowa rabonsa na duka." Kurege ya sha na Ɗanjuma, ya sha na mai dara, ya sha na mai haɓar-kada, kafin a kai na huɗu ya sulale ta tsakanin ƙafafun Giwa, wutsiya a karkace, gyaɗa ko ɓawonta bai gani ba.

Daga kan suri ya waiwayo. "Ku faɗi gaskiya, in ba ni ba, wa ya taɓa kawo muku iyaye bakwai taro?"

Iyaye sun riga sun zauna muhawara kan yadda za a yi da hulunan, kuma Giwa ta ce sai wani mako. Damina ta wuce, fili yana nan yadda yake.

Ƙurunƙus, ni ma na ɗage zama.