Layi Ashirin da Jinin Gwaggo Asabe

To, ku gyara zama. Wannan labarin sai kun yi musu a kansa har shayin nan ya huce.

A Funtuwa akwai wata baiwar Allah, Gwaggo Asabe, wadda ta riƙe 'ya'yan ƙaninta uku bayan rasuwarsa: Barira, Nafi'u da Zulai. Duk ukun suka girma suka zama masu rubuta manhajar kwamfuta. Wata shekara suka haɗa kai suka yi wa ƙungiyar masu ba da jini ta garin manhaja saboda Allah, wadda za ta riƙa kiran wayoyin 'yan ƙungiya idan buƙata ta taso. Sai dai layin waya ashirin kacal gare ta.

Barira, babbarsu, ba ta da haƙurin jira tun tana ƙarama. Ita ta rubuta sashen da ke sakin kira ashirin a lokaci guda, kowanne ya kama hanyarsa, babu mai jiran wani.

Nafi'u mutum ne mai hangen matsala tun kafin ta zo. Shi ya tsara cewa idan waya tana kashe, ko sabis ya yanke, ko an yi minti guda ba a ɗaga ba, manhajar ta ajiye bayani ta ci gaba, kada ta faɗi gaba ɗaya.

Zulai kuwa abin da ta rubuta bai cika shafi ba. Duk kiran da ya ƙare, ko an dace ko ba a dace ba, sashenta zai rufe layin ya mayar da shi don mai bi. Yayyenta suka riƙa tsokanarta da mai shara. Ta yi dariya, ta tuna musu cewa a gidan Gwaggo ko tuwo ya ƙone ita ce mai wanke tukunyar.

Wata Talata da hantsi aka yi wa Gwaggo tiyata, ta zubar da jini da yawa, jininta kuma irin mai wuyar samu ne. Likita ya ce awa biyu gare su. A barandar asibiti Barira ta tayar da manhajar.

Kira ashirin suka fita tare. Da ɗaya bayan ɗaya ne, da sai magariba. Lamba ta bakwai ta mutu tuntuni, wasu da dama a kashe, manhajar ba ta tsaya ba. Kowane layi kuma yana ƙarewa ake sakinsa, ya ɗauki sabon suna. Da an bar su a riƙe, da ba a taɓa kiran mutum na ashirin da ɗaya ba. A suna na ɗari biyu da sha huɗu aka samu mai irin jininta, wani mai faci, Malam Ɗayyabu, ya iso da baƙin mai a hannunsa.

Da Gwaggo ta warware aka ba ta labari, ta daɗe tana kallon su.

"'Ya'yan nan," ta ce, "abu ɗaya na mallaka mai daraja, keken ɗinkin da na ciyar da ku da shi. Ba ya rabuwa uku. Wanda ya fi ceto na zan ba, amma duk wanda na kalla a cikinku sai zuciyata ta ce shi ne."

To, ku da kuka ji, wa ya fi cancantar keken nan: Barira, Nafi'u ko Zulai?